Zaren Baidu

Asabar da dare, Tambuwal

Bakina ya ja mani yau. Ni na ɗauki Baidu mahauci a motata zuwa damben Kebbe, bayan na cika baki cewa babu mai tsaya masa. A hanya, don a san na yi makarantar Midil, na ba shi labarin bayin Rumawa da ake sa su kashe juna a fili, jama'a na tafi.

Ya ce, "Mi ne abin mamaki, Alhaji? Ni bara na kashe bakwai."

Na ce nasu kisan ba irin na dambe ba ne, wanda anka kashe ba ya tashi ya sha fura. Aboki kan soke aboki don masu manyan riguna su ji daɗi.

Munka isa Kebbe. Da anka haɗa shi da Ɗanjuma, abokin fawarsa, sai ya dubi rigata, ya kwance zaren hannunsa, ya miƙo mani gaban kowa.

"Ga shi, Alhaji, ka ji daɗin da hannunka."

Makaɗa sunka juyo kaina. Na ce azumi nika yi, alhali goro na bakina.