Kakanni Bakwai, Ba Mace Ko Ɗaya

Litinin, 13 ga Mayu

Na je karɓar magani, sai ga wata sabuwar likita, Zauresh, da takardu a hannu. Wai bincike suke yi kan ciwon nan nawa, ciwon kerkeci, lupus a bakinsu, ko gadonsa ake yi. Suna son jinina, da na iyayena, da na 'yata Inkar. Na ce mata shekara tara ana ɗibar jinina a asibitin nan, ko sauro ne ai ya ƙoshi. Na Inkar kuwa, ko ɗigo. Ba zan bari a liƙa wa 'yata suna a garin nan ba.

Laraba, 15 ga Mayu

Ta kira. Ban ɗauka ba.

Asabar, 18 ga Mayu

Wurin shan shayi bakina ya suɓuce, na faɗi maganar likitar. Mahaifina, Ata, ya dire kofi: "Gado? A gidan wa? Kakanni bakwai ba mu auri dangi ba!" Ya rantse zai kai mata shejire, takardar nasabarmu da ke rataye a falo, ta gani da idonta. Rabon da ni da shi mu tsaya gefe ɗaya har na manta. Mahaifiyata, Apa, tana ta zuba shayi.

Lahadi, 19 ga Mayu

Inkar ta dawo daga bakin kogi kumatunta ja, har kan hanci. Rana ce. Wa zai wuni a zafin ranar garinmu Kyzylorda bai yi ja ba? Shekararta sha huɗu kacal. Rana ce, na ce.

Juma'a, 24 ga Mayu

Ata ya sa kwat ɗinsa na biki, ya shimfiɗa shejire a teburin likita. Yana nuna kakanni: wannan ya kai shekara casa'in da biyu, wancan yana kan doki ajali ya same shi. Ina gefe ina hura hanci.

Ta saurara har ya gama, sannan ta ce, "Ata, Allah ya ƙara girma. Matan fa, suna ina?"

"Waɗanne mata?"

"Iyayensu da 'yan uwansu mata. Ciwon nan mata ya fi kamawa."

"'Yar nan, ina kika taɓa ganin mace a shejire? Mace ai ta gidan wasu ce."

Ɗan ƙanena mai wata shida yana cikin shejire. Ni da aka zo domina ba na ciki. Na daɗe da sanin haka, amma yau ne ya yi mini zafi. Duk da haka ban sa hannu a takardarta ba.

Lahadi, 26 ga Mayu

Muna murza fulawar beshbarmak, abincinmu na nama da taliya, Apa ta fara magana ko kallona ba ta yi. Kakarta Kunsulu ba ta fita da rana, wai rana tana cin fuskarta. Mahaifiyar Apa, Balkiya, gashinta ya zube tun tana da ƙuruciya. Gwaggo Marjan, ciwon gaɓoɓi. Yayar Apa, Ulbolsyn, ta kumbura bayan haihuwa, ta rasu tana ashirin da bakwai, aka ce kambun baka ne.

Na ce, "Apa, me ya hana ki faɗa duk shekarun nan?"

"Wa ya tambaye ni?"

Ta yayyafa gari ta ce, "Na ga kumatun yarinyar nan. Ke ma kin gani, Meruyert."

Na yi mata tsawa. Ni, na yi wa Apa tsawa. Kunya ta hana ni cin abincin.

Talata, 28 ga Mayu

Kwana tara, jan bai baje ba. Tsoro nake ji. To, na rubuta.

Laraba, 5 ga Yuni

Mun je asibiti mu uku, ni da Inkar da Apa. Ba wai na sauko ba ne, gwajin Inkar ya kai ni, kuma shi daban yake da bincikensu, sakamako sai mako mai zuwa. Tunda muna wurin na sa hannun, don kar matar ta ci gaba da damuna da waya. Apa ta naɗe hannun riga ta miƙa kamar mai karɓar kyauta. Ata ne ya kai mu, ya ƙi shiga, ya kuma ƙi tafiya.

Da muka dawo na rubuta matan huɗu a shafin ƙarshe na littafin nan, sai Apa, sai ni. Inkar ta leƙo ta bayana.

"Mama, ni fa?"

Na ce wannan ta masu ciwo ce.

"Ai Apa ƙalau take, kuma ga ta ciki."

Ta zare biron daga hannuna ta rubuta sunanta da kanta, manya-manya. Na ƙirga. Bakwai.