Na Sa Hannu Kafin In Tambaye Ka

Zuwa ga Ɗanlahadi, sanyin idona, inuwar ɗorawata a tsakar rani, ruwan farko da ke sauka a kan ƙasar da ta gaji da jira,

Gaisuwa mai tarin yawa daga Tabitarka, wadda jikinta ke jami'a amma ranta yana Ketare. Ya gida, ya ƙarfin jikin Baba Ubale? Dawa ta fara fidda kai? Ni kam lafiya nake, in har ana kiran mai kewa mai lafiya. Wata biyar ke nan ban ji muryarka ba sai ta waya, ita ma tana yankewa daidai lokacin da ka fara dariya. Wace irin rowa ce wannan!

Ka tuna shekarar da aka katse layukan waya a yankinmu? Saura kwana biyu a rufe karɓar fom ɗin tallafin karatu, ni kuwa na riga na haƙura, ina zaune ina ɓarar gyaɗa a ƙofar Gwaggo Laraba, inda muka fake bayan mun baro ƙauyenmu na bayan Sheme. Ka taho daga gona da laka har gwiwa, ka ce in tashi. Muka shiga mota har Zariya, inda ba a katse layi ba, Gwaggo a tsakaninmu tana gyangyaɗi. A shagon kwamfuta ka tsaya bayana kana karanta kowane layi da ƙarfi, kamar kai ne mai nema. Da aka zo inda zan faɗi abin da ya sa nake son karatun kula da walwalar jama'a, hannuna ya ƙi motsi. Kai ka ce in rubuta labarin Inna: yadda ta daina magana bayan an kashe yayana Nasara a gona, da yadda wata ma'aikaciya, Hajiya Suwaibatu, ta riƙa zuwa tana zama kusa da ita a tabarma, mako bayan mako, ba ta taɓa matsa mata ba, har ranar da Inna ta buɗe baki ta nemi ruwa. Na rubuta ina kuka, kai kana kallon bango don kada in ga naka idon. Ran nan na san ba ni da wani sai kai.

Tallafin nan ya riƙe ni shekara uku. Bana ƙungiyar da ke ba da shi ta rufe, ga shekarar ƙarshe, wadda dole sai mun fita koyon aiki cikin jama'a. Da na faɗa maka, ba ka ko numfasa ba ka ce za ka sai da shanun huɗarka. Haba, zumar amyata! Shanun da ka raina tun suna maruƙa? Da me za ka yi huɗa baɗi, da me za ku ci? In karanta yadda ake ɗaga gidan da ya durƙushe, in fara da durƙusar da naka?

To ga abin da ya sa na ɗauki biro, don bakina ba zai iya ba. Shugabar sashenmu ta nuna mini wani asusun. Za su biya kuɗin makaranta, da na ɗaki, da na motar zuwa wurin koyon aiki. Sharaɗinsu ɗaya ne: in na gama, in yi musu aiki shekara biyu, har da ta bautar ƙasa, cikin mutanen da aka kora daga gidajensu a wajen Damari, kuma can zan zauna. Kwana ɗaya aka ba mu mu yanke shawara. Na kira ka sau bakwai, kiran bai shiga ba. Na sa hannu, Ɗanlahadi. Na sa hannu kafin in tambaye ka.

Na san ka gama rufa ɗakinmu da kwano. Na san su Baba sun tsai da ranar aurenmu a Kirsimetin baɗi, kuma a ranka daga ranar zan riƙa kawo maka fura bakin gona. Na san haɗarin hanyar Sabuwa da ake bi zuwa Damari, na san abin da zuciyarka za ta riƙa raya maka duk sanda waya ta ƙi shiga. Ina tsoro ni ma, ba zan ɓoye maka ba. Amma akwai mata a can zaune a tabarma, baki a rufe, ba wanda ya zo. Ta yaya zan ci moriyar zaman da aka yi da uwata, in ƙi zama da ta wani?

Wayyo, tauraron asubata, kewarka ta zame mini kamar ƙishin mai shukar bazara! Ina ganin kurciyoyi biyu a kan wayar lantarkin ɗakin karatu, sai in rufe littafi. Ina jin ƙanshin gasasshiyar masara a bakin ƙofar makaranta, sai in rasa abin da na fito saye. Shin kai ma haka kake, ko ni kaɗai aka ɗora wa wannan kaya?

Roƙona gare ka, kada a ɗaga ranar. Ka aure ni kamar yadda aka tsara, sannan ka bar ni in je in cika alkawarin da na ɗauka, in riƙa zuwa maka duk ƙarshen wata da ƙafata. In kuwa ka ga ba za ka iya raba gida da amaryarka ba, ka faɗa, in jira har shekara biyun su cika. Ko goma ce zan jira, ba zan ɗaga ido in dubi kowa ba.

Asabar ta sama za a ba mu hutu, motar Ƙanƙara zan hau. In ka yi fushi, kana da gaskiya. Amma don girman Ubangiji kada ka yi shi kai kaɗai a gona. Ka zo tasha ka yi shi a gabana, in dai zan ga fuskarka.

Taka a damina, taka a rani, taka har ranar da za a mai da ni ƙasa,

Tabita