Kurciyoyin da Syafril Ya Rabar

Zuwa ga yayata Nurbaiti,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya, ke da maigida da yara, Allah Ya ƙara muku juriyar sanyin ƙasar Holan. Mu nan Bukittinggi da sauƙi, jiya aka yi sadakar arba'in ɗin maigidana Syafril.

Yaya, akwai abin da na kasa faɗa miki ta waya. Kin san shekara ashirin da shida ina koyar da adabi. Kowace shekara sai na karanta wa ɗalibai wani tsohon gajeren labari, na ɗan kasuwar da amininsa ya nutsar a kogi. Nakan sa su ja layi a duk inda marubucin ya yi gargaɗi: inda aminin ya tambaye shi ko ya iya iyo, da inda ya hana shi yin sallama da matarsa. Har gori nake musu, wai idonsu a buɗe amma barci suke.

Ashe ni ce mai barcin. Tun bara Syafril ya rabar da kurciyoyinsa, mutumin da ko keji ba ya bari a taɓa. Ya ce kukansu ya ishe shi. Ya dage sai na koyi tuƙa babur. Da na ga yana ture shinkafarsa, ya yi dariya, ya ce barkonona ya yi yawa, tsufa ya sa hannuna rawa. Duk Laraba yana tafiya birnin Padang, wai duba wani abokinsa mara lafiya. Har abinci nake ƙulla wa abokin.

Bayan jana'iza Yulinar, 'yarmu, ta durƙusa gabana tana kuka. Ta ce babu wani aboki, ciwon daji ne a hanjin babanta, ita ke raka shi asibiti wata tara. Ya rantsar da ita, ya ce, "Bar uwarki ta ci abincinta da daɗi."

Mutane suna cewa ƙauna ce. Wataƙila. An ce labarin zuciya a tambayi fuska, ni kuwa kullum ina kallon fuskar nan ban tambaya ba. Ina masa addu'a, amma Yaya, fushi nake da shi, kuma babu wanda zan yi wa faɗan. Yulinar na zuwa kowace safiya ta share tsakar gida. Har yau ban iya ɗaga ido na dube ta ba.

Ki gaishe da maigidanki Yaya Bakhtiar, da 'yarki Desmawati da jaririnta. Ki sa mu a addu'a, musamman yarinyar nan Yulinar.

Ƙanwarki,
Rosmaini