Kumburin Wuyan Khaulat da Abin da Na Ɓoye

Wurno, 9 ga Sha'aban.

Zuwa ga ƙanena Habibullahi, a Fatakwal.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan Allah ya riƙa ku da lafiya, ina sanar da kai cewa gida lafiya, an cire albasa a fadama, matata Turai kuma tana gaishe ka. Amma ba don wannan na ɗauki alƙalami ba. Na zaɓi takarda ne don bakina ba zai iya faɗin maganar a waya ba.

Shekara biyu ke nan da wani ƙullutu ya fito a wuyan ɗiyata Khaulat. Na yanke hukunci cewa maƙoƙo ne irin na Inna. Sau uku na kira wanzami ya yi mata ƙaho da tsaga. Mijinta Sirajo ya nemi kai ta asibiti, na tambaye shi mi ya sani a ciwon gidanmu, ya bar maganar don girmana. Sai da muryarta ta dushe, tuwo ya riƙa tsaya mata, sannan munka tafi Sakkwato.

Da anka ɗebi ɗan abin da allura anka auna, likita ya ce ciwon daji ne na naman nan da ke gaban maƙogwaro. Ya bayyana cewa kowace ƙwayar halitta tana ɗauke da umarnin lokacin da za ta hayayyafa da lokacin da za ta tsaya. A jikin Khaulat umarnin ya sami tangarɗa, ƙwayoyin ba su jin tsayawa. An yi mata aiki, an cire naman duka da kaluluwar da ciwon ya taɓa. Za ta sha ƙwaya kowace safiya iyakar rayuwarta. Da an zo da wuri, in ji shi, da bai kai kaluluwa ba.

Ya kuma tambaye ni ko wani a dangi ya taɓa irin wannan. Na ce babu, Khaulat tana kallona. Habibullahi, ni na yi wa yayanmu Shittu wankan gawa a Rara, kana makaranta. Da hannuna na ji kumburin wuyansa, na kuma ce maka zazzaɓi ne, don kada a ce gidan Malam Siddiq gidan ciwo ne. Kwana takwas bayan tambayar likita na koma wurinsa na faɗi gaskiya. Anka yi wa Khaulat awon jini: irin wanda ake gada ne. Nawa ma ya nuna. Duk ɗan da mai shi ya haifa, ko ya ɗauka ko ya tsira, rabi da rabi. In an gano da wuri, ana cire naman tun ciwon bai kama ba.

Don haka ina roƙon haɗin kan kowa. Kai da 'ya'yanka Kausar da Khalid ku je a auna ku kafin azumi, da takardar likita da na haɗo. 'Ya'yan Shittu na Goronyo ni zan je musu da ƙafata, in faɗa musu abin da ya kashe ubansu.

Ka gaida Atika da yara. Khaulat ta ce ta yafe mini, da muryar da ta rage mata. Taka yafiyar nake jira.

Yayanka,
Mainasara Siddiq