Katunan da Na Ɓoye a Aji Uku

Laraba, bayan sallar isha'i

Na gaji tiɓis, muryata ma ta dishe. Tun kafin a kaɗa ƙararrawa na isa makaranta, na ɓoɓɓoye katunan tarawa da ɗebewa da na yanka daga kwalin sabulu, wasu ƙarƙashin benci, wasu bayan allo. Na ce duk wanda ya tsinci ɗaya ya kawo mini da amsarsa. Na ɗauka abin zai tafi cikin natsuwa, na manta yara saba'in gare ni. Aka yi ta turereniya da ihu, har benci guda ya karye.

Hedimasta ya leƙo ya ce, "Malama, aji ne wannan ko kasuwar Dawanau? Ki same ni a ofis gobe."

Kunya ta rufe ni a gaban yaran. Ina shirin tsayar da wasan sai ga Hindatu, wadda tun farkon zangon nan ba ta taɓa ɗaga hannu ba. Ta miƙo katinta, sha biyu a ɗebe biyar.

"Bakwai ne, Malama."

"Yaya kika yi?"

"Awakinmu sha biyu ne. Ranar da Baba ya sayar da biyar, ni na ɗaure sauran."

Ta ce in ƙaro mata. Na ba ta uku, duk ta ci.

Ban san me zan ce a ofis gobe ba. Benci dai zan kira kafinta ya gyara. Amma in aka ce kada in sake, wallahi sai na yi roƙo.