Baƙin Farantin da Ka Bari a Taga

Assalamu alaikum, ɗana.

Bayan gaisuwa, na san takardar nan ba za ta same ka ba. Inda kake addu'a ce kaɗai ke isa, ita kuwa ban fasa ba. Amma wani abu ya shige mini duhu, kuma kai ne ka san kansa.

Gida lafiya. Ƙanwarka Hadiza ta koma ɗakinta a Maikunkele. Famfo ya daɗe bai kawo ba, mun koma sayen ruwa wurin 'yan garuwa.

Maganar baƙin farantinka ce. Ni dai faranti nake ce masa, ko da yake ba a zuba komai a ciki. Fale-fale ne, a lanƙwashe kamar busasshen ganyen ayaba. Ban taɓa tambayarka aikinsa ba. Kai ne ɗan fari, ko sunanka ba na faɗa, balle in zauna in ce koya mini. Daga madafi na tsinci bayanin, ranar da kake yi wa Hadiza. Ka ce zare ne aka jera hawa-hawa, wani a tsaye wani a gicciye, aka gasa da danƙo. A cikin wuta a miƙe yake. Da ya huce, kowane hawa ya ja ta wajensa, sai ya lanƙwashe. Ka ce lanƙwasa biyu gare shi, in an danna ya koma ɗayar, kuma babu wadda ta lalace a ciki. Yaya abu ɗaya zai yi daidai ta nan, ya kuma yi daidai ta can?

Da safe kakan danna shi ka ajiye a taga. In rana ta gasa shi wajen azahar sai ya yi ƙwas, ya juye da kansa. Kai kuma ka leƙa ma'aunin zafi ka yi tsaki, don lissafin kwamfutarka ya ce ba yanzu ba. Wa ya yi kuskure, shi ko kwamfutar? Ka tafi ba ka raba gardamar ba.

Tun da ka rasu, ni ke danna shi. Ina cikin alwala sai in ji ƙwas, zuciyata ta ce kana ɗaki. Na yi karatu, na san mamaci ba ya dawowa. Sai in yi istigfari, kashegari kuma in sake dannawa. Zunubi ne wannan? Na kasa tambayar Liman.

Jiya malaminka na jami'a ya zo. Farantin yake nema. Ashe nasa ne, daga Ingila ya taho da shi, ba shi da wani. Abokin karatunka zai ƙarasa lissafin. Na ce masa zan duba. Ba ƙarya na yi ba, amma ai na san inda yake. Amana ce, ba gado ba. In na riƙe, kai za a tsare a kanta ko ni? Wannan ne ya hana ni sukuni.

Na ce ya dawo gobe bayan la'asar. Da gangan na ce la'asar, don in ji ƙwas ɗin azahar tukuna. Zan naɗe shi a sabon zane in miƙa masa. Na rasa a wace lanƙwasar ya kamata in mayar, to zan bar shi yadda rana ta juya shi.

Allah ya haskaka kabarinka, ya kai rahama makwancinka. Sai na zo, Usman.

Mahaifiyarka, wadda sai yau ta faɗi sunan.