Abin Wuyan Toka

Litinin

Daga ofishin Babban Likitan Dabbobi, shugaban sashen kyanwoyi da makamantansu, zuwa ga Hajiya Kaka, uwar ɗakin kyanwa Toka.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina fata kina lafiya. Ya ƙafa, ya ido, ya haƙuri da mutanen gida? Ina gaida Malama mai haya a ɗakin ƙofa, wadda aka ce ita ke karanta miki takardu tun da ganinki ya yi rauni. Malama ta yi haƙuri da rubutun. Mu likitoci haka hannunmu yake, nauyin ilimi ne ke karkata shi.

Na rubuto ne in sanar da ke cewa jikanki, siririn nan mai ɗinkin takalma da kuke kira Tsinke, ya kawo mana Toka ranar Asabar bayan azahar, mun kuma ba ta gado. Gado ne mai kyau, nesa da taga. Da muka duba ta mun samu ƙuma arba'in da ɗaya, da kaska uku a bayan kunne, ɗaya har ta yi tumbi. Saboda haka za ta daɗe a wurinmu. Ba ta jin zafin komai yanzu, wannan kam zan iya rantse miki.

Tunda maganar abin wuya na maganin ƙuma ce ta kawo mu nan, bari in ba ki karatu kyauta. Kada a taɓa ɗaura wa kyanwa na kare, maganinsa ya fi ƙarfinta, yana iya kashe ta. A duba hoton da ke jikin kwalin, in babu mai jin turancin da aka rubuta a nemo mai ji. Idan an ɗaura, yatsu biyu su iya shiga tsakaninsa da wuya, abin da ya yi saura a yanke. Bayan kwana biyu a ɗaga a ga ko fatar ta yi ja. Jaririyar kyanwa ba a sa mata sai an tambaya.

Akwai kuma wani abu, ina roƙon Malama ta karanta shi sau biyu. Abin wuyan kyanwa yana da ɗan maɓalli na roba da ke ɓallewa da kansa idan an ja shi. Ba lalacewa ba ce, ba kuma jabu aka sayar wa mutum ba. Da gangan aka yi shi haka, don in ta maƙale a wani wuri ya sake ta. Ba kowa ya san wannan ba. Har masu ganin suna da wayo ba su sani ba.

Dokar asibiti ta hana zuwa dubiya, musamman ga tsofaffi masu rigima, kuma an shaida mini kina cikin na gaba. An ce kina ba Toka shayi da madara a murfin kofi, kina kuma zargin jikanki da cin alewar da ke ƙarƙashin matashinki. A likitance na duba haƙoransa, ban ga shaida ba.

Allah Ya ƙara miki lafiya da nisan kwana.

Naku,
Babban Likita

Alhamis

Zuwa ga Hajiya Kaka,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da kyau, ina tambayar jiki da kwanan gida. Malama ma ina gaishe ta, ko da yake an ce da ta gama karanta takardata ta farko sai ta sauke tabarau ta daɗe tana kallon jikanki. Ban san me ta gani ba.

Saƙonki ya iso, tare da ɗan kwanon nan mai murfi da kike aikowa kullum da kifi a ciki, kin cire ƙaya da hannunki. Yaron yana kawowa. Yana ajiye mata a gefenta ya juya ya tafi, in ya dawo sai ya tarar babu komai. Don Allah ki rage aikowa. Ya ce ɗaukar kwanon ya fi masa ɗaukar buhu nauyi.

Kin ce tun ranar Asabar, da an idar da azahar gida ya yi shiru, kina jin ana kartar bangon ɗakin ajiya da ke manne da naki, daga sama kusa da taga. Ɓera ne, Hajiya. Gidan da babu kyanwa dole ɓera ya samu sake. Jikanki ya ce shi ma ya ji jiya, yana tsaye a cikin ɗakin, yana kallon bangon, babu komai a jikin bangon sai tsofaffin layukan karta da ya shafe da farar ƙasa har sau biyu suka sake fitowa. Na ce masa danshi ne.

Gaskiya yaron nan ya fi damuna a kan kyanwar. Ƙumar da ta rage a gidan ta bar kowa ta koma kansa, idon sawunsa duk ya yi rugu-rugu. Ya wanke tabarmarta da ruwan zafi, ya share lungu-lungu, ya zuba magani, a banza. Innarsa tana kwana a ɗakin da ke kusa, ko ɗaya ba ta cije ta ba. A wurin aiki kuma maigidansa ya fara faɗa, wai jaka uku aka dawo da su a kwana biyu, ɗinkin ya warware. Yaron da ake yabon ɗinkinsa a duk layin. Ya ce mini in ya soka basilla ya zo jan zare, sai ya ji maƙogwaronsa na tsukewa daidai yadda yake ja, sai ya saki. Ya bar maɓallin rigarsa na sama a buɗe, duk da haka yana ji. Ya kuma ce akwai wani karatu da malaminsu na allo ya taɓa yi musu game da hakkin kyanwa, a lokacin yana can baya yana ɗaure wa na gabansa riga da ta wani, bai ɗauka ya ji ba. Ashe ya ji, babu kalmar da ta ɓace.

Kin roƙa a mayar miki da abin wuyan, tunda jikanki ne ya gyara shi da hannunsa, kina so ki ajiye. Yana wurin bincike tukuna.

Sai maganar da kika yi cewa ranar Asabar za ki sa a kawo ki, da doka ko babu doka, har kin sa an goge miki mayafi. Hajiya, kada ki zo. Hanyar ba ta da kyau, matakalarmu tana da tsawo, ni ma ba na nan ranar. Ki ba ni mako guda.

Ki huta lafiya.

Naku,
Likita

Juma'a

Zuwa ga Kaka,

Assalamu alaikum. Ina fata kin tashi lafiya, ƙafar ta yi sauƙi. Malama, wannan kada ki tsallake layi ko ɗaya, ko kin ga ranta ya ɓaci.

An ce kin ƙi jin magana, har kin shirya mai mota na gobe da hantsi. To kafin goben zan faɗa miki abin da jikanki ya faɗa mini, yadda ya faɗa.

Ke kika aike shi, da kika ji Toka na susa har tana kuka a kan ƙafarki. Ya tafi shagon maganin dabbobi, mai shagon ta fito masa da kala uku. Ya ajiye na kare saboda hoton, ya ajiye ja saboda warinsa, ya ɗauki ruwan toka don ya dace da jikinta. Matar ta nuna masa maɓallin tana bayani, shi kuwa yana can yana kwaikwayon wani mutum da ya zo da akuya mai tari, mutane na dariya. Bai ji ba. Takardar cikin kwalin da turanci take, shi kuma allo ya yi, bokon ma a waya ya tsince shi. Ya nannaɗe ƙusoshi da ita.

Sau biyu Toka na dawowa gida wuya babu komai. Ya tsinci abin a ƙarƙashin igiyar shanya, ya sake tsintarsa a bayan durom. Ya ce an cuce shi, an sayar masa da abin da ko mako ba zai yi ba, shi da sana'arsa ke nan. Ya kai shi teburin aiki, ya yanke maɓallin robar ya yar, ya ciro na ƙarfe daga wata tsohuwar jakar makaranta, ya ɗinke da zare mai kaki, layi biyu, ya ƙone bakin zaren. Ya kawo miki kika shafa da yatsa, kika ce ko ɗan maraƙi ba zai tsinka wannan ba, kika ce angonki ya iya aiki, kika ba shi alewa biyu. Yini ya yi yana taƙama.

Ranar Asabar bayan azahar yana kwance a zaure, sai ya ji kin kira shi. Kin kira sau uku, kina cewa ya zo ya duba wani abu na kartar bango. Ya ɗauka aike ne. Sai ya toshe hanci ya yi muryar mai kawo ruwa, ya ce Tsinke ya fita tun ɗazu. Kika ce to, Allah Ya shirye shi. Ya danne dariya da hula. Yana jin kartar daga inda yake, bai kawo komai a ransa ba, har ta daina.

Sai da aka yi la'asar ya shiga ɗakin ajiya neman bokiti.

Kaka, na gaji da cewa shi. Ni na shiga. Kin san ƙarfen tagar nan da ya lanƙwashe, inda take bi ta hau rufi. A nan na same ta, ƙarfen ya shiga ƙarƙashin abin wuyan. Tsakanin ƙafarta da murfin durom bai kai tafin hannuna ba. Na ja ɗinkin da hannu biyu, bai ko motsa ba, sai da na ɗauko wuƙar aiki. Jikinta bai gama sanyi ba, ƙuma na sauka daga kanta suna hawa hannuna.

Na naɗe ta a rigata na binne ta a bayan shagonmu, gindin bishiyar da muke jingina kekuna. Can nake kai kifin. Ban san mai cinyewa ba, ban taɓa tsayawa na gani ba.

Washegari na koma wurin mai shagon da niyyar in yi mata rashin kunya. Na ajiye abin a gabanta. Ta juya shi, ta ga ɗinkin, ta tambaye ni ina maɓallin. Da na faɗa mata ba ta zage ni ba. Ta ɗauko sabo, ta sa yatsa ta ja kaɗan, ya ɓalle, ta mayar, ta sake ja. Duk karatun da na yi miki ranar Litinin nata ne, a tsaye na haddace shi.

Jiya na ga wata kyanwa mai kalarta a wurin masu kifi, har na ɗauke ta na yi taku goma. Na tuna ke da hannu kike gani, kin san tsagar kunnenta da inda wutsiyarta ta karye. Na kuma tuna ƙarya nawa zan ƙara. Na sauke ta.

Na sha yi miki tsiya. Na sa miki gishiri a shayi, na ce miki an haifi ɗan akuya mai kai biyu kika aika a gano miki, kullum ki kai mini duka da carbi ki ƙare da dariya. Na ɗauka wannan ma in na ja ta da wasa za ta wuce. Shekara tara tana kwana a kan ƙafarki, tun kafin idon ya tafi. Kin ji ta, kin kira wanda zai cece ta, yana taku goma sha biyu daga wurin. Na ƙirga.

Babu asibiti, Kaka, ki sallami mai mota. In kina so gobe ni zan kai ki inda take, ba nisa, zan riƙe hannunki, ba zan yi surutu a hanya ba. In kuma ba kya son jin motsina a gidan, ki faɗa wa Inna, zan koma kwana a shago har ranar da kika ce.

Yanzu da Malama ke karanta miki wannan ina zaune a kan matakala, bayan ƙofarki. Ban ce ki yafe mini yau ba. In kin kira, da muryata zan amsa.

Babu wani Babban Likita. Ni na rubuta duka ukun, a kan teburin da na yi ɗinkin.

Jikanki,
Tsinke